Riƙon Karen da Aka Wofintar: Daga Jinya Zuwa Sabon Gida

Riƙon kare shi ne mutum ya karɓi karen da aka yasar, ko aka bari cikin yunwa da cuta, ya yi jinyarsa na wasu makonni ko watanni, sannan ya miƙa shi ga wanda zai zauna da shi dindindin. A Ingila ƙungiyoyi ne ke tsara wannan aiki. Ƙungiyar RSPCA da aka kafa a 1824, da gidan karnuka na Battersea wanda ya samo asali daga mafakar da Mary Tealby ta buɗe a Landan a 1860, suna da 'yan sa-kai da ke ɗaukar dabba zuwa gidajensu, ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin magani da neman wanda zai karɓa. A garuruwan Hausa ba kasafai ake samun irin wannan tsari ba. Mariƙi shi ne mai ciyarwa, shi ne mai jinya, shi ne kuma mai tantance sabon gida, ba shi da abin dogaro sai likitan dabbobi da ke kusa.

Karnukan da ke faɗawa wannan hali iri-iri ne. Akwai karen gadi da ya shekara ɗaure da sarƙa a bayan gida, akwai karen ƙasashen waje da aka saya da tsada sannan maigidansa ya tashi ya bar shi da mai gadi, akwai karen farauta da ya tsufa ko ya karye, akwai kuma karya da ta haihu a kango tana kiwon kanta a juji. Dukkansu suna jawo tausayi, kuma tausayin ne yakan kawo gaggawa: a cika masa kasko, a yi masa wanka, a ɗura masa magani, a kira yara su gani, duk a rana guda. Yawancin ɓarnar da ake yi wa irin wannan kare a makon farko daga nan take fitowa.

Kafin a taɓa shi

Abu na farko shi ne sanin ko karen yana da mai shi. Kare mai yawo a unguwa ba lalle ne ya zama marar gida ba, domin mutane da yawa suna sakin nasu su nemi abinci. A tambayi maƙwabta da masu gadi da mai unguwa. Idan karen yana cikin gidan wani ne, ba a shiga a kwance shi da ƙarfi, ko da halin da yake ciki ya yi muni. A nemi mai shi da lalama ya sallama, a rubuta sallamawar a takarda gaban shaida, saboda kare idan ya murmure ya yi kyau, wanda ya wofintar da shi yakan tuna cewa nasa ne. Dokokin hukunta laifuka na Najeriya sun haramta zaluntar dabba, amma sulhu ta hannun mai unguwa ya fi saurin fitar da kare daga sarƙa.

Abu na biyu ya fi kowane nauyi, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ake kamuwa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu tsira. Don haka karen da ba a san tarihinsa ba a ɗauke shi a matsayin wanda ba a yi wa rigakafi ba. Idan yana dalalar da miyau, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko muryarsa ta sauya, ko yana tangaɗi, ko yana kai cizo ga itace da ƙarfe da duk abin da ya gifta, ba aikin mariƙi ba ne. A nisanta mutane, a kira jami'an lafiyar dabbobi. Ya kamata a sani kuma cewa ba kowane mahaukacin kare ke faɗa ba. Wani shiru yake yi ya laɓe, jikinsa yana shanyewa, har a ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. Sa hannu a bakin irin wannan kare don ciro ƙashi babban haɗari ne.

Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar don fara alluran rigakafi, kada ya jira ya ga abin da zai faru. Shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura. Idan ya wuce kwanakin nan lafiya lau, miyansa ba ya ɗauke da cutar a ranar da ya yi cizon. Wannan bai nuna cewa babu cutar a jikinsa ba, domin takan yi makonni ko watanni a ɓoye kafin ta fito. Saboda haka karen da aka tsinta da raunin cizo wanda ba a san abin da ya cije shi ba, likita ne zai faɗi tsawon tsarewarsa, kuma tana iya kai watanni. Mutumin da ya mai da riƙon karnuka al'adarsa ya kamata shi kansa ya karɓi allurar rigakafi tun kafin a cije shi.

Wajen kamawa, ba a bin kare da gudu, ba a kuma ritsa shi a lungu. A tsuguna a gefe, kada a zuba masa ido, a jefa ɗan nama kusa da shi, a riƙa matso da shi a hankali. Igiya mai zarge da ake zurawa ta kai ita ce ta fi sauƙi. Kare mai rauni yakan ciji ko wanda ya sani, don haka a ɗaure masa baki da takunkumi ko tsumma mai laushi kafin a ɗaga shi, sai dai in yana amai ko numfashi na yi masa wuya. A naɗe shi da bargo ko buhu, a sa shi a keji ko babban kwali, kada a ɗora shi a babur a sake.

Masauki da ganin likita

Wurin da za a ajiye shi ya zama an shirya shi tun kafin ya iso: ɗaki ko rumfa mai inuwa da iska, mai ƙofa da ke rufuwa, da daɓen siminti da za a iya wankewa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, shi ya sa ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, yana iya kashe shi cikin sa'o'i. A lokacin hunturu kuma ramammen kare ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi, sai an shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo a wurin da iska ba ta bugawa. Idan akwai wasu karnuka a gidan, a raba su aƙalla mako biyu, kowa da kaskonsa. Cutar fabo, mai sa amai da zawo da jini, tana kashe 'yan kwikwiyo da sauri, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi 30 na ruwa, yana kashe ta a kan siminti idan an fara share ƙazantar.

A kai shi ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i, kamar na Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri. Likita zai auna nauyi da zafin jiki, wanda a kare mai lafiya yake tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai. Zai duba dasashi: ja-ja mai haske alamar lafiya ce, fari fat kuma alamar jini ya ƙare, ruwan ɗorawa alamar ciwon hanta ko fashewar ƙwayoyin jini. Zai kuma ƙiyasta ƙiba a ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 9, inda 4 da 5 su ne daidai. A nan akwai abin lura. Karnukan farauta na Sahel, musamman Azawak na Abzinawa da ake samu a Nijar da Mali, halittarsu ce a ga haƙarƙarinsu da ƙashin ƙugunsu ko suna ƙoshe. Abin da ke nuna yunwa ta gaske shi ne zubewar tsoka a cinya da kafaɗa da saman kai, da rashin kuzari.

Tun daga wannan rana a buɗe littafi. A rubuta ranar da aka karɓe shi, nauyinsa, abin da ya ci, yanayin kashinsa, kowane magani da ranar da aka ba shi. A ɗauki hotonsa ta gefe da ta sama duk mako. Don auna shi a gida, mutum ya hau sikeli riƙe da shi, sannan ya hau shi kaɗai, a cire awo na biyu daga na farko. Wannan littafi shi ne zai bi karen zuwa sabon gida.

Ciyar da wanda yunwa ta cinye

Wannan ne mataki mafi haɗari, kuma shi aka fi yin kuskure a kansa. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya koma cin kitsensa da tsokarsa, gishirin jiki irin su fosfet da fotasiyam da maganiziyam sun ragu ƙwarai a cikinsa. Idan aka cika masa ciki da abinci mai sitaci, kamar tuwo ko shinkafa ko garin kwaki, sai sinadarin insulin ya tashi gaba ɗaya, ya janye ɗan gishirin da ya rage a jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Abin da ke biyo baya shi ne kasala, kakkarwa, farfaɗiya, fashewar ƙwayoyin jini, har tsayawar zuciya, galibi cikin kwanaki biyar na farko. Kare ya jure wata guda yana yunwa, ya zo ya mutu a kan cikakken kasko.

Hanyar kauce wa haka ita ce a fara da kaɗan ƙwarai. A ranar farko a ba shi kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinsa ke buƙata yana kwance, a raba shi sau huɗu zuwa shida. Misali, kare mai kilo 10 yana buƙatar kimanin kalori 400 a rana in ba ya motsi. Kashi ɗaya cikin ukun wannan bai wuce dafaffen ƙwai biyu ba, na yini duka. Mai kallo zai ga kamar rowa ce, karen ma zai lashe kasko yana neman ƙari, amma a daure. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kullum har a kai cikakken abinci cikin kimanin mako guda. Abincin farko ya fi karkata ga nama da ɗan mai a kan sitaci: dafaffen ƙwai, dafaffen naman kaza ko na shanu, kifi da aka cire wa ƙaya, ko abincin 'yan kwikwiyo na kanti da aka jiƙa da ruwan ɗumi. Idan ya yi amai ko zawo, a koma adadin jiya. Idan ya kasa tashi ko ya fara kakkarwa, a koma asibiti nan da nan.

Ruwa kuma a ba shi kaɗan-kaɗan a sa'o'in farko don kada ya kwankwaɗa ya amayar, daga baya a bar masa shi kullum. Kare mai lafiya yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ya fi haka lokacin zafi. Idan an ɗaga fatar bayan wuyansa ta tsaya ba ta koma ba, dasashinsa kuma ya bushe, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata.

Bayan ya wuce makon farko za a iya shigo da abincin gida: tuwo ko shinkafa da aka haɗa da kayan ciki da hanta da tumbi daga kwata, duk a dafe, da ɗan kabewa ko karas. Tuwo da ƙanzo zalla ba sa gina tsoka. Madara tana sa manyan karnuka da yawa zawo. Sauran miyar gida kuma akwai albasa da tafarnuwa a ciki, waɗanda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, abin da ramamme ba zai iya ɗauka ba. Cakulan da inabi da zabibi guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji.

Kaska, ƙazuwa da sauran cututtuka

Da wuya a sami karen da aka wofintar babu kaska a kunnuwansa da tsakanin yatsunsa. Ban da shan jini, kaska tana sa masa cututtukan jini masu kawo zazzaɓi, farin dasashi, fitsari mai duhu ko haɓo. A cire ta da hantsaki, a kama daf da fata a ja a miƙe, kada a murje ta da yatsa. Kaskar kare tana ɓuya a tsagar bango, don haka sai an yi wa ɗakin magani shi ma. Tsutsar ciki kuma, musamman mai maƙale wa hanji tana tsotsar jini, ita ce sanadin ramar karnuka da yawa. Ana ba da maganinta bisa nauyin jiki, a maimaita bayan mako biyu. A kwashe kashinsa kullum, domin wasu tsutsotsin suna kama yaran da ke wasa a ƙasa.

Ƙazuwa ita ke zubar da gashi ta bar fata ta yi kauri da ɓawo. Iri biyu ce: ɗaya mai tsananin ƙaiƙayi ce, tana yaɗuwa ga wasu karnuka har ta taɓa mutum na ɗan lokaci, ɗayar tana fitowa ne idan garkuwar jiki ta faɗi, ba ta yaɗuwa. Sai likita ya kankari fatar ya duba a madubi ake bambance su. Duka biyun suna warkewa da magani, amma gashi yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin ya dawo. Al'adar shafa wa kare baƙin man mota ko kananzir cutarwa ce tsantsa, domin yana ƙona fata, karen kuma ya lashe ya shiga cikinsa. Haka nan maganin ƙwari na gona ko na ɗaki, irin su Sniper da fiya-fiya, ya kashe karnuka da dama da sunan kashe musu ƙuma. Magungunan ciwon jiki na mutane, kamar ibuprofen da diclofenac, suna huda tumbin kare su lalata ƙodarsa. Farasitamol ma ba a ba shi sai da awon likita.

Akwai wasu abubuwa uku da ake yawan gani. Ƙurji mai ɗan rami a tsakiya a ciki ko cinya yawanci tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari. A toshe ramin da man basilin, sai ta leƙo a matse ta. Sarƙa ko waya da ta nutse cikin naman wuya ba a fizge ta, likita ne zai cire bayan ya sa masa barci. Sai kuma wani tsiro mai zubar da jini a al'aurar kare ko karya, wanda ake ɗauka ta barbara; kamanninsa na da ban tsoro, amma yana daga cikin cututtukan dajin da suka fi jin magani, yawanci allurar mako-mako sau huɗu zuwa shida ke kawar da shi.

Rigakafi yana zuwa ne idan likita ya ga jikin zai ɗauka. Ana yin allurar haukan kare daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa duk shekara; Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu sarrafa ta, kuma a wasu jihohi akan yi ta kyauta a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya. Akwai kuma allurar haɗaka da ke kare shi daga fabo da distemfa da wasu cututtuka. A karɓi katin shaida mai sa hannun likita. Fiɗiya ga namiji da cire mahaifa ga mace a bar su sai nauyi ya dawo, amma ya fi kyau a yi su kafin miƙawa. Cikin karya kwana 63 ne kawai, kuma wadda aka bayar ba a yi mata aiki ba, cikin shekara guda 'ya'yanta na iya komawa jujin da aka tsinto ta.

Dawo masa da yarda

Jiki yakan riga zuciya warkewa. Masu wannan aiki a Amurka da Ingila suna da wani ƙiyasi: kwana uku kare yana cikin ruɗewa, mako uku kafin ya gane tsarin gida, wata uku kafin ya saki jiki. Ba doka ba ce, wanda ya sha duka yakan fi haka daɗewa. Amfanin ƙiyasin shi ne tuna wa mariƙi cewa halin da kare ya nuna a makon farko ba shi ne halinsa ba. Wanda ya zo shiru saboda rashin ƙarfi yana iya zama mai haushi da tsalle idan ya ƙoshi.

A kwanakin farko abin da ya fi shi ne a ƙyale shi. Mutum ɗaya ya riƙa kawo abinci a lokaci ɗaya kullum, ya zauna nesa kaɗan, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya bar karen ya zo da kansa. Idan ya zo, a shafa ƙirjinsa ko gefen wuyansa, kada hannu ya sauko ta saman kai. Karen da yara suka saba jifa yakan zabura da zarar mutum ya sunkuya, wanda aka saba duka kuma yana tsoron tsintsiya da sanda. Alamun tsoro a bayyane suke ga mai lura: wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, lasar leɓe, hamma ba ta barci ba, kau da kai, sandarewa. Gurnani gargaɗi ne, kuma kuskure ne babba a doke shi a kansa, domin karen da aka hana gurnani yakan koma cizo ba sanarwa. A ja da baya, a gano abin da ya tsorata shi.

Wanda ya san yunwa yakan tsare kaskonsa. Kada a gwada ƙwace masa abinci don a nuna masa iko. A bar shi ya ci shi kaɗai, daga baya mai kula da shi ya riƙa wucewa daga nesa yana jefa masa abin da ya fi na kaskon daɗi, har ya gane cewa zuwan mutum ƙari ne. Da irin wannan hanya ake koya masa sauran abubuwa: amsa suna, zuwa idan an kira, tafiya da igiya, shiga mota. Darasi ya zama gajere, minti biyar sau biyu ko uku a rana, da ɗan nama a matsayin lada. A fitar da shi bayan kowane cin abinci da kuma da asuba zuwa wuri ɗaya, nan zai saba yin kashi.

Gidan Bahaushe da wuya a rasa awaki ko kaji, kuma dole a san yadda karen yake da su kafin a bayar da shi. A gwada yana ɗaure da igiya, daga nesa. Wanda ya kalle su ya kau da kai ya yi. Wanda ya ƙura ido ya sandare yana rawar jiki ba zai zauna da dabbobi ba. Yara kuwa ba a barinsu da shi su kaɗai ko da ya nuna sanyin hali, kuma a hana su zuwa wurinsa yana ci ko yana barci.

Batun tsarki ma yana cikin tsarin gida. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai saboda umarnin hadisi. Shafi'iyya kuwa suna ɗaukarsa najasa. Hadisai sun yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wanda aka gafarta wa saboda shayar da kare mai ƙishirwa. A aikace, a ware masa kaskonsa da wurin kwanansa nesa da randa da buta da wurin salla. Karen da ya saba da wannan iyaka tun a gidan riƙo ya fi samun karɓuwa a gidan da zai je.

Zaɓen sabon gida da miƙawa

Kare ya isa miƙawa idan nauyinsa ya tsaya daidai, ya gama magani, an yi masa rigakafi, kuma mariƙi zai iya faɗin halinsa dalla-dalla. Wannan yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Tsawaita riƙo fiye da buƙata yana sa rabuwa ta yi wa karen wuya.

Neman gida ya fara daga waɗanda aka sani: likitan da ya yi jinyar, masu lambu da gonaki a bayan gari, makiyaya, mafarauta ta hannun sarkin baka, da magidanta masu katanga da ke son kare mai faɗakarwa. A daidaita kare da aikin. Mai tsoron ƙarar bindiga ba na farauta ba ne, mai bin awaki ba na ruga ba ne, karen ƙasar sanyi mai yawan gashi kuma yana buƙatar gidan da ke da inuwa da ruwa da halin ciyar da shi. Sanarwa a Facebook ko WhatsApp tana kawo mutane da yawa, amma a nan ake buƙatar taka-tsantsan, musamman idan an ce kyauta ne. Akwai fataucin karnuka daga Arewa zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, inda ake sayensu don nama, akwai kuma masu neman karya ta waje don su riƙa sayar da 'ya'yanta. Wanda ya ce zai karɓi ko nawa ne, ko bai tambayi komai game da halin karen ba, ko ya ƙi a ga gidansa, ba a ba shi. Neman ya biya wani ɓangare na kuɗin rigakafi yana rage irin waɗannan.

Ziyarar gidan wajibi ce. A ga inda karen zai kwana, a ga tsayin katanga da ƙofa, a san wanda zai riƙa ba shi abinci idan maigida ya yi tafiya. A ji ta bakin uwargida, domin ita ke yini a gidan, kuma kare da aka shigo da shi ba da son ranta ba ba ya daɗewa. Idan gidan haya ne, a tabbatar mai gidan ya yarda. A tambayi abin da ya sami karen da suka taɓa ajiyewa. Wanda ke ganin ɗauri da yunwa su ke sa kare zafin gadi zai mai da shi halin da aka fito da shi. Ɗaurin dindindin tsoro yake haifarwa, kare mai tsoro kuma ɗan gida yake fara ciza.

Mariƙi shi ma akwai haƙƙi a kansa, wato faɗin gaskiya. Idan karen ya taɓa cizo, ko yana kashe kaji, ko yana da ciwon da zai riƙa dawowa, a faɗa tun farko, a rubuta. Ɓoye aibi don a samu a rabu da shi yana jefa yaran wani cikin haɗari, karen kuma ya ƙare a titi ko a sa masa guba.

A rubuta 'yar yarjejeniya gaban shaida: sunan mai karɓa da adireshinsa, alkawarin sabunta rigakafi duk shekara, da sharaɗin cewa ba zai sayar ko ya bayar da karen ba, in ya kasa riƙewa ya dawo da shi. A sa mako biyu na gwaji. Ranar miƙawa a kai shi da safe, da katinsa da littafinsa da kaskonsa da buhun da yake kwana a kai, da abincin kwana bakwai, don a sauya masa zuwa na sabon gida a hankali ta hanyar gaurayawa. A gargaɗi masu gida kada su sake shi waje a makonnin farko, saboda a lokacin ne karnuka suka fi gudu neman inda suka fito. A sa masa abin wuya mai lambar waya. Mariƙi ya kira bayan kwana uku, ya leƙa bayan mako biyu, ya sake leƙawa bayan wata guda. Ƙin cin abinci na kwana ɗaya ko biyu da kuka da dare ba abin damuwa ba ne, amma rama ko sabuwar sarƙa dalili ne na karɓo shi.

Akwai karen da ba zai miƙu ba: wanda ciwonsa ba ya jin magani kuma yana cikin azaba, ko wanda ke kai mummunan cizo ba tare da gargaɗi ba duk da watannin horo. Irin wannan ba a kai shi daji a yar, ba a ba shi guba, ba a kuma miƙa shi ga wanda bai san halinsa ba. Ko dai mariƙi ya ci gaba da riƙe shi a wuri mai tsaro, ko a koma ga likitan da ya san tarihinsa, wanda zai duba ko akwai sauran magani, in babu ya yi masa allurar da ke ɗauke rai cikin barci, a binne gawar da zurfi inda wasu dabbobi ba za su tono ta ba.